Yadda Ake Zaɓen Kayan Birki Idan Za A Mayar Da Tsohuwar A-kori-kura Daga Diram Zuwa Faifai

Har yanzu akwai tsofaffin a-kori-kura da jif-jif masu yi wa mutanenmu aiki a Legas, wasu suna kwasar albasa da tumatir daga Mile 12, wasu suna jigilar nama daga mayankar Oko-Oba a Agege, wasu kuma masu su sun riƙe su ne don ƙauna kawai. Injinsu yana da juriya, shasinsu ƙarfe ne na gaske, amma birkinsu na diram ne, wato irin wanda takalma biyu ke buɗewa su danni cikin ganga. Wannan birki yana da rauni guda biyu da Legas ke fallasawa. Idan mota ta ratsa ruwan da ke kwanciya a titi da damina, ruwan yana shiga cikin gangar ya zauna, sai direba ya taka birki ya ji kamar bai taka komai ba. Idan kuma aka daɗe ana taka shi a cunkoso ko a gangaren gada da lodi, gangar tana zafi ta buɗe, takalman su yi nisa da ita, feda ta nutse. Birkin faifai kuwa ba ya riƙe ruwa, yana saurin hucewa, kuma ba ya buƙatar a riƙa ɗaure shi lokaci-lokaci. Dalilin canjin ke nan, kuma dalili ne mai kyau.

Inda ake samun matsala shi ne wajen sayen kaya. Mutum zai shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo, ya ga faifai mai kyau da kalifa mai sheƙi, wato ƙarfen da ke matse faifan idan an taka birki, mai shago ya ce masa, "Alhaji, wannan zai shiga," shi ke nan sai ya biya. Shiga daban, aiki daban. Birki tsari guda ne tun daga feda har zuwa taya, kuma duk abin da aka canza a cikinsa sai ya shafi sauran. Saboda haka faifan ba shi ne abin da ake fara saye ba, awo ake fara yi.

Mataki na farko shi ne ka san abin da ke ƙarƙashin motarka a zahiri, kada ka dogara da takardunta. Motar da ta shekara arba'in tana aiki a Najeriya da wuya a ce ba a taɓa canza mata aksil ko ƙafa ba. Ka sa bakanike ya ɗaga gaban motar, ya kwance taya da ganga da hob, wato cibiyar da wili ke ɗaure a kanta, ka rubuta lambobin da ke jikin boris na ciki da na waje da na sil, sannan a auna kaurin sandar da boris ɗin ke zama a kanta da baniya, wato ma'aunin kauri na makanikai, ba da tef ɗin tela ba. Ka ɗauki hoton ramukan da farantin bayan ganga ke ɗaure a kansu, ka auna tazarar da ke tsakaninsu, domin a nan maƙalin kalifa zai zauna. Ka duba sandar da kyau, idan boris ya taɓa cin ta har ta yi shuɗi ko ta yi zurfi, a canza ta tun yanzu.

Daga nan sai kusoshin ƙafa. Yawansu kaɗai bai isa ba, sai an san faɗin da'irar da suke zaune a kai. Idan guda shida ne, a auna daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Idan guda biyar ne babu wanda ke fuskantar wani, sai a auna tsakanin biyu da ke maƙwabtaka a ninka da 1.701. Land Cruiser samfurin 40 da Hilux mai jan ƙafa huɗu suna da kusoshi shida a kan milimita 139.7. Tsohuwar Land Rover tana da biyar a kan 165.1, Ford F-100 biyar a kan 139.7. Chevrolet C10 kuwa misali ce ta yadda mutum zai iya ruɗewa, domin har zuwa 1970 kusoshi shida gare ta, daga 1971 da aka sa mata faifai a gaba sai ta koma biyar a kan milimita 127. Wanda ya ɗauko kayan 1971 ya ɗaura wa ta 1968 zai wayi gari da ƙafar gaba mai kusoshi biyar da ta baya mai shida, sai ya riƙa yawo da safaya biyu.

Mataki na biyu shi ne yanke shawarar inda kayan za su fito, kuma a nan ne na fi so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Hanya uku ce. Ko dai a ɗauko kayan daga ƙanwar motar, wato samfurin da kamfanin ya fitar daga baya da faifai, ko a sayo cikakken saiti da aka ƙera musamman don wannan canji daga ƙasar waje, ko kuma a harhaɗa daga motoci daban-daban a sa mai injin sassaƙa ƙarfe ya yanka maƙali. Hanya ta farko ita ce na fi amincewa da ita a Legas. Mai Land Cruiser samfurin 40, alal misali, yana iya ɗaukar gwiwar ƙafa, wato ƙarfen da ke juya ƙafar gaba idan an karya sitiyari, da hob da faifai da kalifa daga samfurin 60, wanda kalifarsa fistin huɗu gare ta, sai dai a tabbatar da cewa haƙoran sandar aksil da hannun sitiyari sun dace, domin sun bambanta daga shekara zuwa shekara. Amfanin wannan hanya shi ne injiniyoyin kamfanin sun riga sun yi lissafin, kuma duk ranar da fad, wato takalmin da kalifa ke matse faifai da shi, ya cinye za ka ambaci sunan mota ɗaya kawai a Ladipo ko a kasuwar ASPAMDA da ke Trade Fair a miƙo maka.

Saitin waje yana da kyau idan an san daga wace mota aka aro faifansa da kalifarsa. Yawancin waɗanda ake yi a Amurka kalifar motocin General Motors suke amfani da ita, kuma idan mai sayarwa bai rubuta maka lambar fad da ta faifai da ta boris ba, to, ka sayi abin da zai ajiye maka mota wata guda kana jiran jirgi saboda fad ɗin da bai kai tafin hannu ba. Hanya ta uku kuwa tana yiwuwa, amma da sharaɗi: faifai da kalifa da fad su fito daga mota ɗaya, kuma nauyin wannan motar ya kai na taka ko ya fi. Birkin ƙaramar motar gida ba ya tsayar da a-kori-kurar da ta ɗauko buhunan albasa, ko da kusoshin sun yi daidai.

Gaba kawai za a canza ko har da baya? A ganina gaba ya wadatar. Idan aka taka birki nauyin mota gaba yake tafiya, kuma ƙafafun gaba su ne ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin. Gangar baya mai lafiya tana yin nata, kuma a yawancin motoci birkin hannu a cikinta yake, wanda ya cire ta sai ya nemo wata dabara. Tsohuwar Land Rover ba ta da wannan damuwa, tunda birkin hannunta a bayan giya yake.

Mataki na uku, faifai da kalifa da wili, waɗanda dole a gwada su tare. A faifai abu huɗu ake aunawa: faɗinsa, kaurinsa, faɗin ramin tsakiya, da zurfin hularsa, wato nisan da ke tsakanin inda yake zama a hob da inda fad ke kama shi. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa, alhali shi ne ke sa faifan ya zauna a tsakiyar kalifa ko ya goge ta. Ga motar kaya a zaɓi faifai mai ramukan iska a tsakaninsa, kuma kalifar ta zama wadda aka yi don kaurinsa. Idan na hannu ne, irin wanda ake kira tokumbo, a duba gefensa, akwai lambar mafi ƙarancin kauri da aka buga a jiki, wanda ya kai wannan lamba ya gama aiki komai kyan fuskarsa. Ni dai na fi son a sayi kalifa ta asali ta hannu a sake mata robobi, amma faifai da fad da tiyo da masta, wato tukunyar da ke tura man birki idan an taka feda, a saye su sababbi. Kalifar hannu a tura fistin ɗinta a ga yana motsi, a duba ko tsatsa ta ci jikinsa, a kuma tabbatar ƙusar fitar da iska ba ta karye a ciki ba.

Kalifa tana da ta dama da ta hagu. Idan an ɗaura ta, ƙusar fitar da iska dole ta kasance a sama, domin iska sama take taruwa. Na taɓa ganin motar da aka kwana biyu ana fitar mata da iska a wani gareji, an ƙarar da man birki gwangwani da yawa, an zargi masta an canza shi, ashe kalifofin ne aka musanya.

Tsohon wili na zamanin ganga sau da yawa cikinsa yana taɓa kalifa. Faifai mai faɗin inci 11 yakan buƙaci wili mai inci 15 ko fiye, amma girma kaɗai ba hujja ba ce, siffar cikin wilin ita ce magana. Ka tafi kasuwa da wilinka guda, a harhaɗa kayan a ƙasa a kifa shi a kai, a ga an sami sarari na aƙalla milimita 3 ta ko'ina. Kada ka yarda a ci jikin kalifa da garaindin don ta shiga. A kuma duba tsawon kusoshin ƙafa, domin faifan da ke hawa kan hob yana cinye wani ɓangare nasu, kuma noti yana buƙatar ya kama zare da ya kai aƙalla kaurin ƙusar. Maƙalin kalifa, idan yanka shi za a yi, a yi shi da farantin ƙarfe mai kaurin kusan milimita 10, a ɗaure da kusoshi masu lamba 10.9 a kansu, kuma kada a yi walda a jikin gwiwar ƙafa.

Mataki na huɗu shi ne masta, kuma shi ne zuciyar aikin. Tsohon mastan ganga ba zai yi ba, saboda dalilai uku. Da yawa daga cikinsu layi ɗaya gare su, idan tiyo guda ya fashe birki ya tafi gaba ɗaya, don haka a nemi mai layi biyu, gaba daban baya daban. Na biyu, kalifa tana shan mai fiye da ƙaramar tukunyar ganga, kuma yayin da fad ke cinyewa fistin yana ƙara fitowa, man ya bi shi, saboda haka ana son masta mai babban tanki a ɓangaren da ke ba faifai. Na uku shi ne wanda ba a gani da ido. A bakin mastan ganga akwai wani ɗan bawul da ke riƙe matsi na kimanin psi 10 (psi ma'aunin matsi ne) a cikin bututu ko bayan an saki feda. Ganga tana son wannan domin tana da sifirin mai ƙarfi da ke janye takalma. Kalifa ba ta da shi, don haka idan aka bar bawul ɗin a layin gaba, fad zai ci gaba da riƙe faifai, ƙafa ta yi zafi, mota ta riƙa nauyi kamar ana jan ta ta baya. Layin faifai ba ya buƙatar bawul ɗin sam, sai dai idan mastan a ƙarƙashin daɓen mota yake, ƙasa da kalifa, nan ana sa mai psi 2 don kada man ya gangaro ya koma tanki. Layin baya mai ganga ya ci gaba da riƙe nasa na psi 10.

Sai faɗin bakin mastan, inda mutane da yawa ke zaton babba ya fi ƙarfi, alhali akasin haka ne. Bari mu yi lissafi. A ce direba ya danna feda da ƙarfin kilo 45, kuma fedar tana ninka ƙarfi sau shida, kamar yadda aka saba a motar da ba ta da sarbo, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi wajen taka birki. Idan bakin mastan inci 7/8 ne, matsin da zai shiga bututu zai kai wajen psi 1,000. Idan inci ɗaya ne zai sauka zuwa wajen 760, idan kuma inci ɗaya da 1/8 ne sai ya koma wajen 600. Faifai yana son abin da ya kai psi 1,000 ko sama idan an taka da gaske. Ka ga ke nan babban masta ba tare da sarbo ba feda ce mai tauri kamar dutse da mota mai ƙin tsayawa. Idan kuma ƙanƙantarsa ta wuce kima, feda za ta yi nisa har ta kusa taɓa ƙasa kafin ta kama. Abin da aka saba shi ne tsakanin 7/8 da inci ɗaya idan babu sarbo, inci ɗaya zuwa ɗaya da 1/8 idan akwai. Wanda ya ɗauko kalifa daga mota guda, mafi sauƙi ya nemi masta mai faɗin bakin da wannan motar take amfani da shi.

Ninkin fedar ma ana auna shi: tsawon daga ƙusar da take lilo a kai zuwa inda ƙafa ke takawa, a raba da tsawon daga ƙusar zuwa inda sandar masta ke maƙale. Shida ya dace da motar da ba sarbo, wajen huɗu ya dace da mai sarbo. Idan aka ɗaura sarbo a kan fedar mai ninki shida, birki zai riƙa fizga da an ɗan taɓa shi.

Sarbo da iskar da inji ke zuƙa yake aiki, kuma yana son awon zuƙar ya kai wajen inci 18 idan inji yana silo. Injin fetur mai lafiya yana bayarwa. Injin dizal ba ya bayarwa, sai an sa masa famfon zuƙa, wanda a motocin Japan da yawa yake maƙale a bayan altaneta. Wannan ya shafi duk wanda ya cire injin fetur ya dasa na dizal, kuma suna da yawa a garin nan. A auna wurin da sarbon zai zauna kafin a saya, idan wurin ya matse akwai ƙarami mai faifan roba biyu a ciki. Tsakanin sandar sarbo da fistin ɗin masta a bar ɗan sarari kamar rabin milimita, idan sandar ta yi tsawo za ta toshe wa mai hanyar komawa, birki ya riƙa kamewa bayan an ɗan yi tafiya.

Mataki na biyar, bawul ɗin daidaita gaba da baya. Ganga ba ta buƙatar matsi mai yawa kafin ta kulle, ga shi bayan a-kori-kura ba nauyi idan babu kaya. Idan ƙafar baya ta riga ta gaba kullewa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, bayan motar zai juyo gaba, abin da ba wanda ke fatan gani a kan gadar Third Mainland. Don haka ana sa bawul mai rage matsin da ke zuwa baya idan an taka da ƙarfi. A sayi wanda aka yi don faifai a gaba da ganga a baya, ko kuma mai juyawa da hannu wanda za a saita lokacin gwaji, kuma a layin baya kaɗai ake ɗaura shi.

Mataki na shida, bututu da tiyo, ƙananan kaya masu kashe mutum. Bututun birki yawanci milimita 4.75 ne, na ƙarfe ko na gamin tagulla da nikel, ba bututun tagulla zalla na masu gyaran firji ba, wanda girgiza ke tsagawa. Bakin bututu iri biyu ne, mai ninki biyu da motocin Amurka da Japan ke amfani da shi, da mai kumburi irin na motocin Turai da yawa, kuma ɗaya ba ya zama a mazaunin ɗaya. Zaren notin ma iri biyu ne da suka yi kama ƙwarai, 3/8 mai zare 24 na ma'aunin inci, da M10 mai tazarar milimita ɗaya. Na incin yana shiga ramin M10 har ya yi kamar ya ɗaure, sai ranar da aka taka birki da ƙarfi ya fita. Wanda ya haɗa mastan Japan da bututun tsohuwar Ford ko Land Rover sai ya kula da wannan sosai, ya gwada kowane noti da hannu, idan yana rawa a cikin rami ba nasa ba ne. Tiyon roba ya zama sabo, mai rubutun SAE J1401 a jiki, kuma a gwada tsawonsa da mota a ɗage, a karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a ga bai miƙe ba kuma bai taɓa taya ba. Woshar tagulla da ke bakin kalifa ba a maimaita ta.

Fad kuwa, ga motar lodi mai gamin ƙarfe ya fi jure zafi, ko da yake yana ɗan ƙara da ƙura. A gefen fad da yawa akwai haruffa biyu, kamar EF ko FF ko GG, na farko yana nuna kamunsa da sanyi, na biyu da zafi, kuma F ya fi E kamu, G ya fi F. Kada harafi na biyu ya gaza na farko. Jabun kaya sun cika kasuwa cikin kwalaye masu sunayen manyan kamfanoni, don haka a duba jikin kayan, a saya wurin wanda zai ba da rasit ya kuma karɓa idan bai yi ba. Man birki a sa mai lamba DOT 4, wanda sabonsa ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, alhali DOT 3 a 205 yake. Dukansu suna shan danshin iska, kuma Legas gari ne na danshi, saboda haka a sayi gwangwani rufaffe, a kuma canza man duk shekara biyu. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da su.

Bayan an harhaɗa, a fara fitar wa masta iska a kan benci kafin a ɗaura shi, sannan a bi ƙafafun daga wadda ta fi nisa da shi. A danne feda da ƙarfi na rabin minti, idan tana nutsewa a hankali akwai yoyo ko mastan bai da kyau. Sai a nemi fili ko titin da babu mutane da sassafe, a zaunar da fad ta hanyar rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 kamar sau goma ba tare da tsayawa cik ba, a yi tafiya kaɗan ya huce. Daga nan a gwada taka birki da ƙarfi a wuri mai yashi, wani yana tsaye daga nesa yana kallon ƙafafun: na gaba ake so su fara kullewa. A yi gwajin motar ba kaya, a sake yi da lodin da ta saba ɗauka, a saita bawul ɗin baya bisa gwajin da ba kaya, tunda a nan haɗarin yake. Idan an dawo, a kusantar da hannu ga kowane wili, wanda ya fi ɗan'uwansa zafi yana riƙewa. Cibiyoyin gwajin mota na kwamfuta da ake zuwa don takardar lafiyar mota a Legas suna da na'urar da ke auna ƙarfin birkin kowace ƙafa, kuma yana da kyau a kai motar can a ga ko dama da hagu sun yi daidai. Bayan tafiyar kilomita ɗari ta farko a sake bin kusoshin maƙali da notocin ƙafa da ɗaurin boris, sannan a rubuta lambar faifai da fad da boris da tiyo da masta, tare da sunan motar da kowanne ya fito, a ajiye takardar cikin takardun motar domin bakaniken da zai taɓa ta nan gaba.